Lissafi a Bayan Takardar Albashi

Ƙarfe uku na dare, hawa na tara, asibitin Hull.
Injin shayi ya haɗiye mini fam biyu, bai ba ni komai ba.
Mamuda ya shigo da takardar albashinsa na farko
a ninke huɗu kamar laya,
ya ajiye ta gabana, bai ce uffan ba.

Na ce, zauna, ba mutuwa aka yi ba.

Adadin da ke sama, wanda ka faɗa wa gyatumarka a waya,
ba naka ba ne.
Naka yana can ƙasa a kusurwa, ya rame.
Tsakaninsu haraji ya ci, fansho ya gutsura,
inshora ta suɗe kwanon.
Saura hayar ɗakin nan mai kallon bayan shagon kifi,
saura kuɗin lasisi,
saura jarrabawar da ake biya tun kafin a faɗi.
Ni sau biyu na biya na faɗi. A na uku na haye.

Na kifa takardar, na zaro biro.

Fansho, kada ka fita.
Ni na fita shekara huɗu don in rufe gini a Funtuwa,
ɗaki shida, yau awakin wani ɗan'uwa ke kwana ciki.
Shekarun nan huɗu suna can gaba sun naɗe ƙafa,
suna jiran gwiwata ta gaji.

Wayarka za ta yi ta ruri.
Kowa a gida ya iya juya fam zuwa naira,
ba wanda ya iya juya kuɗin ɗumama ɗaki a Janairu.
Ba mugunta ba ce, ba su ga takardar ba ne.
Yanke abin da za ka riƙa aikawa, ka sa masa rana.
Na magani daban, wannan ba a yi masa ciniki.
Sauran kuwa, koyi cewa "ba hali" ba tare da ka ɓata ba.
Rijiya ma idan an kwana, sai ta taru.

Ya ce, to aikin cike gurbi na Asabar fa? An ce da tsoka.

Da tsoka. Tambayi Sallau.
Shekara shida bai bar Asabar ta wuce shi ba,
ya sayi mota mai kujerun fata,
ya yi barci a cikinta gaban jar danja,
tafiyar fari ta 'yarsa kuma a waya ya gani.
Yi biyu a wata. Tara na wata uku
inda hannunka ba ya saurin kaiwa.

Batun gida da bashi mai ruwa,
ni ma ban gama shawara da zuciyata ba.
Wannan layin na bar maka shi fari.

Sai ya ce yana son tiyata, don sunan da ke cikinta.
Na dube shi.
Jiya na gan ka a gado na sha biyu,
kai da tsohon masuncin da ya manta sunan matarsa,
ka ja kujera, ka saurari labarin jirgi guda sau uku,
ba ka dubi agogo ba.
Ban ce kada ka riƙe wuƙa ba.
Na dai faɗi abin da na gani.

Na'urar ƙugunsa ta yi ƙara. Ya miƙe da gudu,
takalminsa na kuka a kan dandamali.
Ya bar takardar.

Na sake ninke ta huɗu, na sa a aljihu,
zan ba shi da safe, in mun haɗu a bakin lif.
Ta taga kogi ya yi baƙi ƙirin,
wani jirgin kaya na jan fitilunsa zuwa teku.
Na lalubo wasu fam biyu. Na tsaya. Na mayar.